Tambaya kan hayakin ganyen seji da turaren wutarmu na gida

Maman Ilham, Kaduna:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga masana a cikinku. A 'yan watannin nan ina yawan cin karo da bidiyoyi a Instagram da TikTok inda ake nuna wani busasshen ganye mai launin toka-toka, an ɗaure shi da zare kamar ƙaramin dami, a cinna masa wuta a hure, sannan a zagaya da hayakinsa lungu-lungu a cikin gida. Seji suke kiransa, kuma masu tallarsa suna cewa yana kashe ƙwayoyin cutar da ke yawo a iska, yana kwantar da hankali, yana kuma kore duk wani mugun abu da ya zauna a gida. Wata mai sayar da kayan ƙamshi a nan garin ta fara kawo shi, kuɗinsa kuwa ba na wasa ba ne.

Bayan sallah, in Allah ya yarda, za mu tare a wani gida da ya jima a rufe, har ɗakunansa sun ɗauki warin danshi, ga shi kuma ɗana na biyu yana fama da asma. Shin akwai gaskiya a cikin abin da ake faɗa game da wannan ganye, ko kuwa turaren wuta da hano da muka saba da su sun wadatar? Sannan a fuskar addini, akwai matsala idan mutum ya turara gida da niyyar tsarkake shi?

Ɗan Zazzau a Amurka:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Wannan ganye da kika gani farin seji ne, kuma ba ya fitowa da kansa sai a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka da yankin Meziko da ke manne da ita ta kudu. Tsiro ne na busasshiyar ƙasa, ganyensa yana da ƙamshi mai kaifi ko da ba a ƙona shi ba. Ya kamata a bambanta shi da maramiyyar da mutanen Jodan da Falasɗinu suke sakawa a shayi, wadda wataƙila wasu daga cikinmu sun sha a ƙasa mai tsarki. Dangi ne, amma ba tsiro ɗaya ba ne.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne cewa ƙona wannan ganye ibada ce ta wasu mutane. Ƙabilun asali na wannan yanki, irin su Chumash da Cahuilla, sun daɗe suna amfani da shi a addu'o'insu da bukukuwansu da kuma magani, kuma suna da ƙa'idojinsu na yadda ake tsinkarsa da wanda ya cancanci ya yi. An shafe shekaru masu yawa gwamnatin Amurka tana takura wa ƙabilun asali kan ayyukan addininsu, sai a 1978 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta amince da 'yancinsu a kan hakan. Saboda haka da yawa daga cikinsu ba sa jin daɗin ganin abin da aka taɓa hana kakanninsu ya zama haja a shagunan kwalliya. Ga kuma ɓarnar da kasuwar ta jawo: mafi yawan abin da ake sayarwa daga daji ake yanko shi, har an sha kama mutane da buhunansa a dajin da gwamnati ta killace a kusa da garin San Bernardino na Kalifoniya. Idan aka tumɓuke shi da saiwa, ko aka yanke shi kafin ya zubar da iri, wurin sai ya daɗe bai farfaɗo ba.

A ganina, babu dalilin da zai sa ki biya kuɗin jirgi da na dillalai kan wannan ganye. Wasu ƙabilun da ke tsakiyar Amurka ma ba shi suke ƙonawa ba, wani tsiro ne dabam da yake dangin tazargade, shi kuwa tazargade jibge yake a wurin masu kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi.

Ya Fanna, Maiduguri:

Ƙanwata, barka da samun sabon gida, Allah ya sa a shiga a sa'a. Ni sana'ata ke nan, a hannun mahaifiyata na koya, ita ma a hannun tata, don haka zan yi magana kan abin da na sani. Turaren wuta ba ya gyara ɗakin da danshi ya kama. Idan kika turara ɗaki mai warin gansakuka, ƙamshin da warin haɗuwa suke yi su ba da wani abu da ya fi na farko muni, ya kama labule da katifa ya ƙi fita. Ki fara buɗe ƙofofi da tagogi na 'yan kwanaki rana da iska su ratsa, a duba rufi da bango a gano inda ruwa yake shiga a toshe, a wanke ƙasa, a kankare inda bango ya yi baƙi a sake fenti. Sai ɗaki ya bushe sarai sannan turare yake da amfani.

Game da namu kuwa, mutane suna ɗauka itace ne kawai ake zuba wa turare, alhali aiki ne mai cin lokaci. Ana samo itacen sandal ko hawi ko ɗorot a faskara shi ƙanana, a narka sukari a wuta har ya yi danƙo, a juye itacen a ciki ana juyawa ba ƙaƙƙautawa don kada ya kama, sannan a sauke a zuba madarar turare tun yana da ɗumi domin itacen ya sha. Kajiji saiwar ciyawa ce, shi yake ba da wannan sanyin ƙamshin da yake zama a jikin tufafi. Farce kuma daga jikin wata halittar teku ake samunsa, kuma sai an jiƙa shi an kankare an soya kafin a daka, in ba haka ba ƙarni zai yi maimakon ya riƙe ƙamshi. Bayan an gama haɗi a rufe a kwalba, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon kyansa. Wanda aka haɗa jiya aka sayar yau, da kin zuba a garwashi za ki ji ƙaurin sukari ya riga ƙamshin tashi.

Hano kuma da kika ambata ɗan'uwan lubban ne da ake kawowa daga Oman da Yaman da Somaliya, itacensa yana nan a dazuzzukan Arewa, mai ɓawo yana ɓarewa kamar takarda. Iyayenmu suna ƙona ƙaronsa da magariba, kamar yadda ake ƙona ganyen darbejiya da busasshen ɓawon lemo, kuma kowa ya shaida sauro yana raguwa. Wannan na gani da idona. Amma ban taɓa gaya wa mai saye cewa turarena yana kashe cuta ba.

Abu Safwan, ma'aikacin lafiya, Kano:

Hajiya, zan tsaya kan maganar ƙwayoyin cuta da kuma yaronki, domin nan ne haɗarin yake. Kusan duk masu cewa seji yana tsarkake iska suna jingina ne da bincike guda da wasu masana suka yi a birnin Lucknow na Indiya, aka buga shi a 2007. Sun ƙona wani haɗin itatuwa da ganyayyaki da mabiya addinin Hindu suke amfani da shi a ibadarsu, a cikin rufaffen ɗaki na tsawon awa ɗaya, suka ba da rahoton cewa bakteriyar da ke cikin iska ta ragu da kashi 94 cikin 100. Babu farin seji a cikin wannan haɗi. Kuma ko da an karɓi sakamakon yadda yake, ɗaki ne da aka toshe aka cika da hayaki na awa guda, wanda ya sha bamban da zagaya falo da ɗan dami na minti biyar. Ba su kuma nuna cewa wani mutum ya tsira daga wata cuta saboda hakan ba. Mura da tarin fuka daga numfashin mai ɗauke da su suke fitowa, kuma buɗe taga ya fi kowane hayaki rage su a ɗaki.

Ta ɗaya ɓangaren kuwa, abin da aka tabbatar game da hayaki yana da yawa. Duk abin da aka ƙona, ganye ne ko itace ko ƙaro, yana sakin ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda suke shiga can cikin huhu, kuma daɗin ƙamshinsu ba ya rage musu illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020. Akasarin wannan daga girki da itace da gawayi ne, amma irin ɓurɓushin ɗaya ne. A Singafo an bi diddigin mutane sama da 60,000 na shekaru, aka ga cewa masu ƙona turaren tsinke kullum na tsawon lokaci sun fi kamuwa da wasu nau'o'in ciwon daji na hanyoyin numfashi na sama. Mai asma kuwa ba ya buƙatar shekaru, tashi ɗaya na hayaki ya isa ya sa ƙirjinsa ya toshe, kuma muna ganin irin waɗannan yara a asibiti da dare, musamman a hunturu lokacin da ƙura ta riga ta tsokano ciwon.

Akwai kuma garwashin kansa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda take kashe iyali gaba ɗaya idan aka kwana da janareta a cikin gida. Farkon alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala, shi ya sa mutum yakan ɗauka gajiya ce ya kwanta. Ina roƙon masu jego musamman da su daina rufe ɗaki da kasko ga jariri a ciki. Shawarata gare ki ita ce ɗakin da yaron yake kwana kada hayaki ya shige shi ko kaɗan, maganin shaƙarsa kuma ya kasance kusa a ranar tarewa, domin ƙurar kwashe kaya da warin sabon fenti su ma suna tayar da ciwon.

Malam Abu Sumayya, Zinder:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni da alheri. 'Yar'uwa, turara gida ko tufafi ko masallaci domin ƙamshi abu ne mai kyau a shari'a. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan yi turare da itacen udu, wani lokaci ya haɗa da kafur, kuma ya ce haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi. Akwai ma wani tabi'i a Madina, Nu'aimu, da aka yi wa laƙabi da Almujmir saboda aikin turara masallacin Annabi.

Inda ake jin tsoro shi ne ƙudurta cewa hayakin da kansa yana kore sharri ko aljani ko baƙin jini. Wannan ba shi da dalili, ko da seji aka yi ko da hano, kuma bai kamata mu soki na baƙi mu kau da kai daga namu ba, domin mun san irin ƙulle-ƙullen hayaƙi da ake karɓowa daga wurin bokaye, a ce a turara da tsakar dare ko a bakin ƙofar kishiya. Na seji ya ƙara da cewa yadda ake nuna shi, da zagaya kusurwoyi da furta wasu kalmomi, kwaikwayo ne na ibadar wasu, kamar yadda ɗan'uwanmu na Amurka ya bayyana. Abin da ya tabbata wajen kare gida shi ne karanta Suratul Baƙara, domin hadisi ya inganta cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta ta, sai ambaton sunan Allah lokacin shiga da azkar na safe da yamma. Kuma gargaɗin da ma'aikacin lafiya ya yi game da kasko yana da asali, tunda an hana mu barin wuta a cikin gidajenmu idan za mu yi barci.

Maman Ilham, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ya Fanna, to yaya zan yi da tufafina da labule, tunda maigida yana son ƙamshin turaren wuta, ga kuma yaron?

Ya Fanna, Maiduguri:

Ban yarda a ce mace ta bar turare gaba ɗaya ba, duk da ina girmama maganar ɗan'uwanmu na asibiti, kuma a kan ɗakin yaro ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Yawancin hayakin da yake shaƙe mutane daga rashin iya turarawa yake zuwa. Mata da yawa suna zuba turare a kan gawayin da bai gama kamawa ba, ko su cika cokali su juye, sai ɗaki ya turnuƙe kamar an ƙona bola. Ki bari garwashin ya ruru a waje har toka ta fara rufe shi, sannan ki sa ɗan kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka, ki cire shi da zarar ya fara baƙi, domin daga nan ƙauri ne kawai yake fita.

Tufafi kuma a tsakar gida ake turara su. Ki kifa kabbasa, wato kwandon turara tufafi, a kan kaskon, ki shimfiɗa kayan a kai suna da ɗan laima, ki lulluɓe da babban zane, bayan kamar minti goma ki kwashe ki ninke ki sa a akwati. Kayan yaron kada ki haɗa da su. Falo da ɗakinki ki turara su da safe bayan ya tafi makaranta, ki rufe na ɗan lokaci, sannan ki buɗe tagogi tun kafin azahar, yadda kafin ya dawo hayakin ya fita. Idan kika lura yana tari ko a hakan, to ki koma humra da turaren ruwa na goge ƙasa, amma su ma ki gwada kaɗan tukuna, domin na san masu asma da ƙamshi mai ƙarfi kaɗai yake tayar musu da ciwo ko babu wuta.