Zan je Faransa a watan Satumba, ana so a zaga da ni gonakin inabi: ina neman shawara

Manomin Ajiwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗana na biyu yana karatun aikin gona a Tuluz, kudancin Faransa, zai kammala a watan Satumba, in Allah ya yarda kuma zan je. Ya ce zuwana ya dace da kakarsu, lokacin tsinkar inabi, har malaminsa ya yi alkawarin kai mu Bordo mu kwana biyu muna zaga gonaki.

Raina yana son tafiyar nan ƙwarai. Shekara uku ke nan da na sayo dashen inabi arba'in daga Kudan na sa a garkata kusa da dam ɗin Ajiwa. Goma sha ɗaya sun mutu, sauran ganye kawai suke yi, 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Ina so in ga yadda masu abin suke yi da idona. Amma yaron bai ɓoye mini ba, ya ce inabin Bordo kusan duk na giya ne. Abin ya tsaya mini a rai. Wanda ya san ƙasar ko ya san hukunci ya taimaka.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam Baba. Na yi shekara huɗu a Tuluz, kuma yaronka ya faɗi gaskiya. Yawon da ake kai baƙi a Bordo ba a gona yake ƙarewa ba. Za a nuna maka kuringar inabi na 'yan mintoci, daga nan a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako suke, a ƙarshe a jera kofuna a ce a ɗanɗana. Warin da ke tashi a ɗakin nan lokacin kaka kaɗai ya isa ya kore ka.

Kuma ba irin inabinka ba ne. Na giya ƙanana ne, fata mai kauri, ga ƙwallo a ciki. Kai na ci kake nema, shi kuwa yana nan kusa da ku. Akwai wani gari, Muwasak (Moissac suke rubutawa), tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Tuluz. Inabinsu, Chasselas, na ci ne zalla, tun 1971 hukuma ta ba shi shaidar asali. Da hannu ake tsinka daga ƙarshen Agusta har Oktoba. Na taɓa tsayawa a wata rumfa ina kallon wata dattijuwa, ta ɗaga nonon inabi ɗaya saitin haske, tana juya shi, tana bi da ɗan siririn almakashi tana cire duk ƙwayar da ta fashe, ba ta yarda yatsanta ya goge farin ƙurar da ke jikin 'ya'yan ba. Sai da ta gama ta kwantar da shi a akwati kamar jariri. Can ya kamata ka je, Baba.

Almajirin Malam, Daura:
Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka tafi. Inabi halal ne, Alƙur'ani ma ya ambace shi cikin ni'imomi, kallon gona kuma ba laifi. Amma hadisi ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta, an kuma hana zama a teburin da ake shan ta. Kada ka sa hannu a tsinkar da ka san matsewa za a yi, ko da don hoto ne. Ka gaya wa malamin yaron tun yanzu cikin mutunci, kada sai an zuba a kofi.

Hajiya Mai Lambu:
Yaya, ni ta wajen noman zan yi magana. Ka tambaye su sassabe, don ina zargin nan matsalarka take. Su sanyin hunturu ne yake sa itacen ya zubar da ganye ya yi barci, sai su datse shi sosai kafin bazararsu. Mu ba mu da wannan sanyin, in ba ka datse ba sai ya yi ta reshe da ganye. Ka kuma duba gindin, za ka ga kumburin aure kamar na mangwaro. Wani ƙwaro ne da ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye saiwar gonakinsu, dole suka koma aura inabinsu a kan saiwar na Amurka. Don Allah kada ka ɗauko reshe a jaka, ka kwaso mana cuta. Ka tafi da rigar sanyi, asubar Satumba a can da ɗari.

Manomin Ajiwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na kira yaron, ya yi wa malamin bayani, mutumin bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce Muwasak ɗin za mu je ranar Asabar. Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi: tun da na dasa su ban taɓa sa musu almakashi ba, tausayin rassan nake ji. A wane wata kike datse naki, kuma ido nawa kike bari a kowane reshe?