Neman kalmar Hausa: gradient da realignment a tarihin layin dogon Kanada

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara wani shirin rediyo da za a naɗa ranar Alhamis a kan mashigar Kicking Horse da ke tsaunukan yammacin Kanada, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini, wato gradient da realignment. A 1884 kamfanin Canadian Pacific ya shimfiɗa layin da ke gangarawa garin Field, inda ake sauka mita 4.5 a kowace tafiyar mita 100, alhali yarjejeniyarsa da gwamnati ta ƙayyade 2.2. Jirgin aiki na farko da ya gwada saukar ya ƙwace, mutum 3 suka rasu. Sai a 1909 aka buɗe sabuwar hanya mai ramuka biyu da ke zagayawa cikin dutse, nisan tafiyar ya kusan ninkawa, saukar kuma ta koma 2.2. Me kuke gani?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Gangara ita kaɗai ba ta isa ba, domin abin da ake nufi awo ne, kuma jirgin da ya taso daga Field hawa yake yi. Ni a aji mizanin gangara nake cewa.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Allah ya gafarta malam, mizani na aji ne. Mu da muka yi aiki tsakanin Kafanchan da Jos, cewa muke yi hawan yana da tsanani. Ki rubuta tsananin gangara, sannan ki kawo awon a bayansa, mai sauraro zai gane. Ɗayar kuwa sake shata layi ce, domin ba gyaran tsohon aka yi ba, sabon wuri aka zana masa. Kada ki bar zancen ratse uku da aka yi wa tsohuwar hanyar: kullum a karkace ake barin layin zuwa ratsen da ke hawa tudu, sai direba ya yi busa ya nuna jirgi na hannunsa kafin a miƙe masa hanya. Wannan shi ne zai sa a ji tsananin a jiki.

Mai Kishin Hausa: Ban yarda da layi ba, aro ne daga Turanci, mizani kuma Larabci ne. Sannan babu wanda ya nemo wa ramukan suna, alhali su ne zuciyar labarin. Na sama mita 991 ne a cikin dutsen Cathedral, na ƙasa mita 891 a cikin dutsen Ogden, kuma kan dogon jirgi yakan fito daga rami yana ƙetare wutsiyarsa. Wannan ai gammo ne. A kira su gammon dutse, aikin kuma a ce naɗe hanya.

Malamin Lissafi: Yallaɓai, ba kowace sake shata ce ake naɗewa ba, wata rami miƙaƙƙe ake haƙa mata. Injiniya John Schwitzer, wanda ya tsara ramukan, shi kansa daga layin Gotthard na Suwizalan ya aro dabarar, to me ya hana mu aron kalma?

Mai Kishin Hausa: Abin da ya hana shi ne mutuncin harshe. Da haka aka bar mana reluwe da tasha.

Ɗan Damagaram: Ni damuwata dabam ce. Duk lokacin da aka tashi ƙirƙirar kalma, da bakin Kano ake aunawa, alhali mu ma a Nijar muna sauraren waɗannan shirye-shirye. Shata dai mun san ta, domin da ita muke shata iyakar gona.

Mai Fassara: Na gode, iyayena. Zan yi amfani da sake shata layin dogo, da tsananin gangara tare da awonsa. Gammo zan kawo shi a matsayin kwatance kawai, in ce ramukan sun naɗe kamar gammo.

Malamin Lissafi: A rediyo na amince, amma a littafin makaranta tsanani ba zai ɗauki lamba ba.

Mai Kishin Hausa: To, a bar shi a kwatancen. Layi dai har yanzu ban karɓe shi ba.