Neman kalmar Hausa: me za mu kira "macro" a ɗaukar hoto?

1/ Masu kyamara, ku matso. Mun daɗe muna cewa "makro" a tsakaninmu, amma duk mai koya wa yara aiki a shago ya san yadda suke ɗaukar kalmar: da zarar an matsa kusa da abu an danna, a wurinsu an yi makro ke nan. Ba haka ba ne. Ina so mu tsayar da sunan Hausa da zai faɗi ainihin aikin.

2/ Makro yana farawa ne daga inda hoton abu a kan sensa (farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kai) ya kai girmansa na zahiri, wato 1:1. Cikakkiyar sensa, wadda Turawa ke kira "full frame", faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Gilashin kyamara na Canon MP-E 65mm, da ya fito a 1999, daga 1:1 ɗin yake tashi har ninki biyar. A ninki biyar, faɗin duk abin da zai shiga hoton milimita 7.2 ne kacal, ƙwayar shinkafa guda ta kusa cika shi. Gilashin ba ya iya ɗaukar abu mai nisa ko kaɗan, ko fuskar mutum ba za ka ɗauka da shi ba. Laowa 25mm na kamfanin Venus Optics da ke China ma haka yake, daga ninki 2.5 zuwa 5.

3/ Wani ɗan'uwa ya kawo "hoton kusa". Yana da daɗin faɗi, sai dai shi ne ruɗanin da muke gudu. Hoton lallen amarya ma na kusa ne. Wata 'yar'uwa ta ce "zuƙowa". Wannan kuma ta riga ta sami gida, da ita muke cewa an jawo abu mai nisa.

4/ Ni dai na tsaya a kan HOTON KAMBAMAWA. Kambama abu shi ne ka ƙara masa girma fiye da yadda ido ya san shi, kuma kalmar tana karɓar lissafi ba tare da tuntuɓe ba: kambamawa ninki biyu, kambamawa ninki biyar, gilashin kambamawa. Wani malami ya yi gyara cewa a bakin mutane kambamawa tana tafe da zuzutawa, kamar an ƙara wa zance gishiri. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara basira. Amma in an haɗa ta da "hoto" ba na jin wani zai ɗauka ƙarya ake nufi, kuma "girmamawa" da aka ba da a madadinta ladabi ce ke fara zuwa zuciyar mai ji.

5/ Akwai kalma ta biyu da ta fi wannan damuna, domin a nan wahalar aikin take: abin da Turawa ke kira "depth of field". Idan ka saita kyamara a kan idon ƙuda a ninki biyar, ƙofar haske a buɗe f/2.8, wurin da zai fito garau kaurinsa bai wuce kimanin milimita 0.05 ba, kusan silin gashi. Gaban idon ya fito, gefensa ya riga ya zama dishi-dishi, fukafukai kuwa sun narke. Numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da saitin. Ka ce bari ka tsuke ƙofar zuwa f/16 don kaurin ya ƙaru, sai wata matsalar ta taso: a ninki biyar ana ninka lambar sau shida, f/16 ta koma f/96 a aikace. Haske ya ƙare, abin leƙawa ya yi duhu, hasken da ya ratsa ƙaramar kafa kuma ya bazu ya dusashe hoton gaba ɗaya. Ga shi tsakanin bakin gilashi da ƙwaron santimita huɗu ne kawai, gilashin da kansa yana yi masa inuwa, dole sai da filasha da farin abu mai tausasa haskenta.

6/ Fassara kai tsaye ta ba mu "zurfin fili", wanda ba ya nuna wa ɗalibi komai. Shawarata KAURIN GARAU. Abin da ke fitowa garau yanki ne siriri, yanki kuwa da kauri ake auna shi. Gwada shi a jimla: "tsuke ƙofa, kaurin garau ya ƙaru." Ya zauna.

7/ Daga nan sunan maganin matsalar ya zo da kansa. Masu wannan aiki sukan ɗora kyamara a kan layin dogo ɗan ƙarami, su riƙa turata gaba kaɗan-kaɗan, kowane taki hoto guda, wani lokaci sama da ɗari a kan ƙwaro ɗaya, kamar mai yanka kuɓewa. Sai manhaja irin Zerene Stacker ko Helicon Focus ta tsinci garau ɗin kowanne ta haɗa hoto guda. Na kira shi HAƊIN YANKA. Wannan na uku shi ne ban gama gamsuwa da shi ba, don haka masu shaguna a Kano, Zariya da Maraɗi, duk mai wata kalma da yake amfani da ita wajen koyarwa ya ajiye ta a ƙasa mu auna.