Tsatsar takubban ƙananan sojojina ta ƙi yin kama da ta gaske

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina fentin wasu ƙananan sojojin ƙwarangwal na Warhammer (wasan yaƙi ne da ake yi da 'yan ƙananan mutum-mutumi a kan tebur), masu tsawon milimita 28 ɗin nan, da yayana ya aiko min daga Ingila. Tunda matattu ne da suka taso daga kabari, so nake takubbansu da gaturansu su nuna sun daɗe a binne. Na fara shafa Leadbelcher, fenti mai launin ƙarfe, na bi da Ryza Rust, mai ruwan goro irin na tsatsa, amma abin da ya fito sai ka ce an tsoma takobin a manja. Launi ɗaya ne tun daga ƙota har tsini. Ina matsalar take?

Malam_Buroshi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye buroshin tukuna, ka je wajen 'yan gwangwan ka ɗauki tsohuwar adda ka ƙare mata kallo. Tsatsa ba launi ɗaya ba ce. Wadda ta daɗe baƙi-baƙi ce mai ruwan makuba, ta tsakiya ja-ja ce, sabuwar kuma ita ce mai ruwan goro, kuma ba ta da yawa. Sannan ba ko'ina take kamawa daidai ba. Inda ruwa ke kwanciya take tarewa: gindin ruwan takobi wajen ƙota, cikin kwarmi, kewayen ƙusa.

Ni daga tsatsar nake farawa, fentin ƙarfen ya zo ƙarshe. Ka shafe makamin gaba ɗaya da ruwan ƙasa mai duhu, ko Typhus Corrosion in kana da shi, don yana da ɗan yashi-yashi a ciki da ke ba da kaushi. In ya bushe, ka yagi ɗan guntun soso, ka dangwali ja mai duhu, ka goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka riƙa ɗiɗɗiga shi. Kar ka ja shi, dangwalawa kawai. Ryza ɗin nan naka na busasshen buroshi ne, kaɗan ake sa shi, a wurare biyu ko uku. Daga ƙarshe sai Leadbelcher a bakin kaifi da tsini kawai, inda gogayya ke cinye tsatsa.

Ummi_Zane:
Malam ya faɗi gaskiya a kan launuka, amma ni ban yarda sai an fara da tsatsa ba. Wannan na makamin da ya ruɓe ne. In sojan mai rai ne, takobinsa ƙazanta kawai ya yi, fentin ƙarfe nake fara sawa, in bi shi da Agrax Earthshade, wani tsararren fenti mai ruwan ƙasa, sannan in tsarma fenti mai ruwan ƙasa da ruwa sosai in bar shi ya gangara lungu da kansa.

Kuma Sani, ba dole sai fentin Citadel ba, wato irin su Leadbelcher da Ryza ɗin nan, ka san yadda kuɗinsa yake kafin ya iso mana. Akirilik na tub da ake sayarwa a shagon kayan zane ya isa. Allin zane mai launi ma, ka kankare shi da reza ya zama gari, ka tura shi lungu da busasshen buroshi. Abu ɗaya dai: banish ɗin ƙarshe ya zama marar ƙyalli. Tsatsa ba ta sheƙi.

Ɗan_Maƙera:
Ƙarin bayani kaɗan. Ka duba garkuwoyi da hulunan kwano nasu. In ka yi musu launin tagulla ko jan ƙarfe, kar ka sa musu jar tsatsa, baƙin ƙarfe ne kaɗai ke yin ta. Tagulla kore-kore take yi mai ratsin shuɗi. Nihilakh Oxide ake sa wa wannan, a tsarme.

Sani_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Garkuwoyin kuwa tagulla na yi su. Malam, waɗanda na riga na shafe fa, sai na kankare fentin ko zan iya ɗorawa a kai?

Malam_Buroshi:
Ɗora kawai, in dai bai yi kaurin da ya cike zanen ƙotar ba. Sa ruwan ƙasa mai duhu a kai da soso, ka bar ruwan goron yana leƙowa nan da can. Gwada a kan guda ɗaya tukuna ka ɗora mana hoto.