Kalmomi 24 na walat: a haddace a ƙone takardar, ko a bar wa iyali?

Ɗan Farm Centre: Salamu alaikum jama'a. Jiya wani kwastomana ya kawo sabuwar Ledger, wato na'urar walat ta adana mabuɗin kuɗin kirifto irin su Bitcoin, muka saita. Da kalmomi 24 na dawo da walat suka fara fitowa a fuskar na'urar sai na juya baya har ya gama rubutawa. Na ce masa ya haddace su, ya ƙone takardar, kada ya gaya wa kowa, ko matarsa. Wanda ya ga kalmomin nan ba ya buƙatar na'urarka ko PIN, daga ɗakinsa zai kwashe komai.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan "ko matarsa" ɗin ne bai kwanta min ba. In ta Allah ta kasance gobe fa? Marayu su zauna suna kallon ɗan ƙarfe kamar filashi?

Injiniya: Juya bayan da ka yi daidai ne. Ƙona takardar ne ganganci. Wani mai suna Stefan Thomas yana da mabuɗin Bitcoin 7,002 a cikin IronKey, wani filashi mai kulle, takardar da ya rubuta kalmar sirri ta ɓace. Sau 10 kawai na'urar ke bari a gwada, ya gwada 8 bai dace ba. Masanin kwamfuta ne fa.

Ɗan Farm Centre: Haba Injiniya. Mu da yaranmu ke haddace izu sittin, kalma 24 ce za ta gagare mu?

Malam na Zariya: Ɗana, mahaddaci kullum cikin tilawa yake, in ya kakare ga Mus'hafi, ga mai ɗora shi. Kai da ka ƙone takarda, wa zai ɗora ka? Sannan ranar da mutum ya cika, dukiyar ta tashi daga tasa ta koma ta magada. Ka tafi da mabuɗinta kabari, haƙƙin wa ka danne?

Injiniya: Kuma kalmomin Turanci ne, daga jerin guda 2,048 na tsarin kalmomin walat da ake kira BIP39, dole a jere yadda suka fito. Ka musanya biyu, ko na'ura ta ƙi karɓa ko ta buɗe maka walat babu ko sisi. Zazzaɓi mai zafi ko hatsarin babur ya isa.

Maman Ilham: Ni dai shi ya sa na ɗauki tawa takardar hoto na tura wa kaina a WhatsApp. Ko gida ya ƙone tana nan.

Ɗan Farm Centre: Innalillahi! Hajiya, to me ye amfanin na'urar? An yi ta ne don kada kalmomin su taɓa shiga waya. Waya nawa ake kawo mana gyara ba a kulle ba? Goge hoton ma bai wadatar ba. Ki sa na'urar ta fitar da sababbin kalmomi, ki mayar da kuɗin can.

Injiniya: A nan ina bayansa ɗari bisa ɗari. A 2020 an sace bayanan kwastomomin Ledger, sunaye da adireshin mutum kusan 270,000 suka bazu. Mabuɗin kowa bai fita ba, amma sai ga saƙonnin damfara, har na'urorin bogi aka riƙa aika wa mutane gida a 2021, duk don a sa su rubuta kalmomin a kwamfuta. Haka in ka sayi na'ura ka tarar da kalmomi an riga an rubuto a kwali, tarko ne. Na'urar ce za ta haifo su a gabanka.

Zancen iyali kuwa akwai mafita. Ledger da Trezor, wata na'urar irinta, duk suna ba da damar ƙara jimlar sirri, wadda ake kira kalma ta 25. Kalmomi 24 su zauna a gida, jimlar a rubuta cikin wasiyya a hannun wani amintacce. Ɗaya ba ta buɗe babban walat sai da ɗayar. Kuma a buga su a farantin ƙarfe, don takarda abincin gara ce, ga damina ga gobara.

Ɗan Farm Centre: In matar da amintaccen suka haɗa baki fa?

Malam na Zariya: To ai ka ga matsalarka ta wuce kirifto.

Maman Ilham: Malam ka kashe ni da dariya. Injiniya, in na yi sababbin, yaya zan tabbata ban yi kuskuren rubutu ba?

Injiniya: Ki fara kwashe kuɗin zuwa wani walat kafin ki taɓa komai. Bayan sabon saiti ki tura ɗan kaɗan, kamar USDT 5, wato kirifto na dala biyar. Ki sa PIN ba daidai ba sau 3, Ledger za ta goge kanta. Ki dawo da ita da abin da kika rubuta. In kin ga biyar ɗinki, sai ki tura sauran.

Ɗan Farm Centre: Shi ke nan, zan kira kwastoman kafin ya kyasta ashana. Amma Malam, ni mata biyu gare ni. Wacce zan ba takardar?