Tambaya kan nazarin tarihin kai a adabin Faransanci

Ɗalibar Faransanci, Maiwurno:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a sashen Faransanci, kuma tun da yaƙin Afrilun 2023 ya fitar da mu daga Khartum nake bin darussa ta waya. Na zaɓi rubuta bahasin kammala karatu a kan tarihin kai, wato littafin da mutum ke ba da labarin rayuwarsa da alƙalaminsa, sai na fara da Les Confessions na marubucin Faransanci Jean-Jacques Rousseau, wanda kashinsa na farko ya fito a 1782. Da na kai wurin da ya saci ɗan ƙyallen ado a gidan da yake aiki a Turin, ya ɗora wa wata yarinya mai girki laifin har aka kore su duka, sai na ajiye wayar jikina a sanyaye. Mu da aka rene mu a kan kunya da rufin asiri, ta yaya za mu nazarci fannin da aka gina a kan tona asirin kai?

Malamin adabi, Gadarif:

Wa alaikumus salam 'yata. Rousseau ɗaya ne daga cikin masu fannin, bai gaje shi duka ba. Ki nemi Le Pacte autobiographique na masanin adabi Philippe Lejeune, na 1975, za ki ga sharaɗinsa shi ne marubuci da mai ba da labari da wanda ake labarinsa su zama mutum guda mai suna guda, tare da alkawarin faɗin gaskiya ga mai karatu. Alkawarin gaskiya daban, wajabcin faɗin komai daban. Malamanmu ma sun rubuta rayuwarsu, domin Imam Gazali ya bayyana shakkun da ya dame shi a Al-Munƙiz minal Dalal ba tare da ya taɓa sirrin iyalinsa ba.

Mai fassara, Bur Sudan:

Ƙanwata, ina tare da Malam, sai dai a ganina abin da ya tsayar da ke shi ne bahasin naki. Ki karanta L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, ki lura da yadda ya zaunar da mu a maƙerar mahaifinsa a Kurusa ta ƙasar Gini, muna kallon zinariya na narkewa, maroƙi na wasa maƙerin, ga ɗan baƙin macijin da aka hana yara kashewa. Amma kusan bai ce uffan ba a kan mulkin mallaka, har marubucin Kamaru Mongo Beti ya soke shi saboda wannan shirun. Sannan ki ajiye shi kusa da Al-Ayyam na marubucin Masar Ɗaha Husaini, wanda ya yi karatu a Faransa amma ya kira kansa "yaron" maimakon "ni". Tunda kina da Larabci da Faransanci, wannan kwatancen ba zai gagare ki ba.

Ɗalibar Faransanci, Maiwurno:

Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya. Zan kai wa mai duba aikina batun abin da Laye da Ɗaha Husaini suka zaɓi yin shiru a kansa. Wanda ke da littafin Lejeune a kwamfuta ya taimaka ya turo mini, domin nawa yana Khartum.