Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: har da jikin mutum?

Ɗan Zazzau: Jama'a, na ji wani mai koyar da yara wasan motsa jiki ya kawo wannan karin magana, yana nufin gaɓoɓin yaro sun fi na babba saurin lanƙwasuwa. Ni dai a sanina tarbiyya ake nufi da ita. Shin ya ajiye ta a muhallinta kuwa?

Malama Bakatsiniya: Malam, bai yi kuskure gaba ɗaya ba, amma kalmar tanƙwara tana ɗauke da ƙarfi da tilas, domin abu mai tauri ake tanƙwarawa, kamar gora ko ƙarfe, kuma wani ne daga waje yake yin aikin. Shi ya sa ta dace da gyaran hali. Jiki kuwa lanƙwasawa yake yi da kansa, kuma duk wanda ya ce zai tanƙwara yaro da hannu, targaɗe zai jawo masa.

Baba na Maraɗi: 'Yata, ban yarda cewa busasshen icce ya fi ƙarfin gyara ba. Bafulatani yakan kara sandarsa a wuta yana juya ta har ta yi zafi, sannan ya danna ta a tsakanin rassa biyu ya miƙar da ita. Haka 'yan kokawarmu, waɗanda suke neman takobin ƙasa, wato kyautar zakaran gasar kokawa ta Nijar, tun 1975 da aka fara gasar a garin Tawa, yawancinsu manyan ƙarti ne, amma ba sa shiga fili sai sun ɗumama jiki jijiyoyi sun saki. Wannan ai "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe" ce ta fi kusa da shi.

Ɗan Zazzau: Allah ya ƙara girma, Baba. To idan ana son yabon wanda yake riƙe ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle a wasan langa ba tare da ya ƙage ba, sai a ce yana da laushin jiki?

Malama Bakatsiniya: A yi hattara da wannan. Idan aka ce jikin mutum ya yi laushi, a wurinmu an fi fahimtar ciwo ko gajiya ta ci ƙarfinsa, har a yi masa sannu. Gara a ce jikinsa yana lanƙwasuwa, ko kuma yadda tsofaffi suke faɗa, kamar ba shi da ƙashi.

Baba na Maraɗi: Wannan ta ƙarshen a Maraɗi ma ana faɗarta, sai dai wani lokaci rago ake yi wa habaici da ita.